Malam, Ummi Ta Warke

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga maigidana, Malam Haruna. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ka da ranka, kana cikin inuwa, kuma ka samu abin da ka sa a cikinka. Inna tana gaishe ka. Yayanka Lawan yana gaishe ka, shi da iyalinsa. Ni ma ina gaishe ka.

Ka yi mini afuwa da na rubuta sunanka. Ka san tun da aka ɗaura mana aure bakina bai taɓa furta shi ba. Amma ban san ƙofar da zan kai wasiƙar nan ba, shi ya sa na bar ta a buɗe a waya, kowa ya karanta, ko Allah zai sa ta faɗa hannun wanda ya taɓa ganinka.

Kafin komai, ga abin da na fi so ya shiga kunnenka. Ummi ta warke. Ba ta mutu ba, Malam. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kama ta, irin wanda ke kama yara kowace damina, kuma babu hannunka a ciki. Yanzu haka tana tsakar gida tana faɗa da kaji a kan tsaba. Ta shiga firamare. Haƙoranta na gaba sun fita, in ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu, kamar yadda Inna ta ce kai ma kana yi kana yaro.

Wannan ce kaka ta uku da ba ka nan. Zan ba ka labarin daga farko, ba don ka manta ba, sai don ban taɓa samun sararin gaya maka yadda ni na ga abin ba. Kullum kana nesa, ni kuma ba na iya ɗaga murya in faɗi irin wannan magana.

Na san ka mutum mai son jama'a. A ƙauyenmu na gefen Makoda babu wanda ya kai ka daɗewa a gaisuwa. In ka riƙe hannun mutum ba ka saki sai ka tambayi har awakinsa. Ba ka iya cin tuwo kai kaɗai. Sau nawa na gama kwashewa ka ɗauki kwanon ka fita zaure neman abokin ci, ni ina mita a bayanka. Da damina kana gona, da rani kuma ka tafi kasuwar hatsi ta Dawanau wurin Alhaji Modu, Babarbaren nan da ya riƙe ka kamar ɗa, kana yi masa awo da ɗinkin buhu.

A shekarar korona, dab da azumi, aka rufe hanyoyi. Ka dawo mana ta cikin gonaki, wani wuri a babur, wani wuri a ƙafa, ka iso da hantsi ƙafafunka a kumbure. Ina tuna yadda ka durƙusa gaban Baba a zaure, ya kama kanka da hannu biyu yana sa maka albarka. Kuka ci abinci a kwano ɗaya. Ummi ta hau wuyanka ta ƙi sauka. Ni kuma a lokacin ina da ƙaramin ciki, na tsaya a bakin madafi ina kallonku ina godiya ga Allah.

Sai da ka kwana biyu ka gaya mini abin da ka baro a birni. Ka ce Alhaji Modu ya fara da tari da zazzaɓi, kafin a ankara numfashi ya gagare shi. Kai ka riƙe shi a bayan mota ana yawo da shi neman inda za a karɓe shi, har ya cika, kansa a kan cinyarka. Ka ce a maƙabarta sai da kuka jira, don masu haƙa sun gaji. Ka dube ni ka ce, "Saude, ba a gama rufe wani ake sauke wani. Duk dattawa." Na yi maka ta'aziyya, na ɗauka alhini ne irin wanda lokaci ke wankewa.

Azumi bai raba ba Baba ya kwanta. Ƙirji ya riƙe, numfashi sama-sama. Ya yi 'yan kwanaki Allah Ya karɓi abinSa.

Ba a yi masa gwajin komai ba, Malam. Har yau babu mahaluƙin da zai dafa Alƙur'ani ya ce ga abin da ya kashe shi. Inna ta gaya maka a gabana cewa tun lokacin sanyi yake fama da ƙirjin nan, ƙafafunsa suna kumbura, shi ya hana a faɗa muku don kada ku baro neman abincinku. Ka saurare ta har ta gama, ka ce Allah Ya saka mata da alheri don ka san lallashinka take yi.

Ranar jana'iza na fara ganin abin da ban gane ba. Aka neme ka wurin wanka ka ƙi zuwa. Aka yi sahu ka tsaya can baya kai kaɗai, kusa da dalbejiyar masallaci. Da aka dawo zaman makoki, mutane suna miƙo maka hannu kana ɓoye naka a cikin riga. Wasu suka ce girman kai ka koyo a birni. Ni na san ba shi ba ne, amma ban san mene ne ba.

Daga nan sai wankin hannu. Ka wanke da sabulu, ka wanke da omo, in sun ƙare ka murza toka. Ka ɗauraye, ka tsaya kana duban tafinka, ka sake. Ruwan da nake ajiyewa na girki da alwala kafin azahar ka ƙarar da shi. Fatar yatsunka ta tsattsage har tana fitar da jini, na kawo man kaɗe ka ce in ajiye a ƙasa in matsa.

Rediyonka kuma ba ya barin kunnenka. Duk sanarwar rasuwa sai ka saurara har ƙarshe, ka maimaita sunan a hankali kamar kana neman inda ka taɓa haɗuwa da mamacin. Na taɓa ɓoye batiran. Ranar ka yini kana zagaya gidan, gumi na zuba, kana cewa zuciyarka za ta fito. Na ji tsoro na mayar maka.

Ka ware kwanonka da butarka. Ka daina shiga ɗakina. Ka naɗe bakinka da hancinka da tsohon rawanin Baba, cikin zafin bazarar nan da azumi a baki. In Ummi ta rugo wurinka sai ka ja da baya har ka haɗu da bango, kana roƙona da ido in ɗauke ta. Yarinya ba ta san komai ba, ta ɗauka laifi ta yi maka. Wata rana na same ta a bayan rumbu tana wanke hannunta da ƙasa, ta ce so take ta yi tsabta don Babanta ya ɗauke ta.

Bayan ƙaramar salla, wadda ba ka je idinta ba, ka tattara tabarmarka ka koma bukkar gona. Ni nake kai maka abinci. Akwai wani dutse a bakin kunyar farko, nan ka ce in riƙa ajiyewa, in koma wajen tsamiya in tsaya, sannan ka fito ka ɗauka. Haka muke gaisawa, kamar masu magana ta tsallaken rafi.

Wata rana na gaji. Na ajiye kwanon na ƙi matsawa. Na ce maka in mutuwa ce kake gudu, ai kwanan kowa a rubuce yake, kai ka sha gaya mini haka. Sai ka ce, "Ni ba mutuwata nake tsoro ba, Saude. Na kashe Baba da numfashina. Kada ki sa in je gaban Allah da ke da Ummi da abin da ke cikinki a wuyana."

Na koma gida ina tafe ina tuntuɓe. Ranar na gane ba gudunmu kake yi ba. Tsare mu kake yi, daga abin da babu shi sai a cikin kanka.

Mutanen gari kuwa sun rabu biyu a kanmu, kuma kowane ɓangare ya yi mana ciwo. Masu cewa korona ƙarya ce suna dariyar rawaninka, yara na bin hanyar gona suna kiranka mai korona. Masu tsoronta kuma suka ɗauke ƙafa daga gidanmu. Ƙuli-ƙulin da nake yi, wanda da kafin la'asar ya ƙare, sai ya koma yana kwana a faranti. Wata maƙwabciya da muke aron turmi da ita ta aiko a ce in bar nata ya huta. Ban riƙe kowa ba. Kowa a tsorace yake a lokacin, kowa da yadda tsoronsa ya fito.

An yi maka rubutu, ka ƙi karɓa daga hannun kowa. An yi hayaƙi, an yi tofi, an kawo mai ruƙiyya ya yi karatu daga bakin bukka har muryarsa ta dishe. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu aka yi maka a kasuwa. Har akwai wanda ya ba Yaya Lawan shawarar a sa maka mari a ƙafa. Bai yarda ba, Allah Ya saka masa, amma ya ɗebi maza biyu suka je su kamo ka da ƙarfi. Ina daga nesa ina jin ihunka. Ba cewa kake a sake ka don ana ji maka ciwo ba. Cewa kake kada su taɓa ka, suna da 'ya'ya. Yaya Lawan ya dawo gida ya zauna a zaure ya rufe fuska da hula. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka haka ba.

Shi ne dai ya yi ta binka da lallashi har ka yarda aka je asibitin Bici, da sharaɗin kai za ka tuƙa babur ɗin kai kaɗai, mu mu biyo a mota. Ka tuna matar nan ma'aikaciyar lafiya da muka samu? Ba ta yi maka dariya ba. Ka ce ta matsa, ta ja kujerarta har ƙarshen ɗaki ta zauna, ta bar ka ka yi magana har ka gaji. Sannan ta yi maka bayani cewa ko da a ce ka taɓa ɗaukar cutar, ba ta zama a jikin mutum wata da watanni. Ta daɗe da fita. Ta ce abin da ya rage maka tsoro ne da baƙin ciki, sun taru sun zama ciwo mai zaman kansa, kamar yadda ƙafa ke karyewa haka zuciya da tunani ke karyewa, kuma ba kai kaɗai ba ne ta gani a wannan shekara. Ta ce ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Ta haɗa mu da likita, aka rubuta maka ƙwayoyi, aka ce mu riƙa dawowa.

Malam, sun yi maka aiki. Kada shaiɗan ya mantar da kai wannan. Ka fara barci. Ka fara cinye abincin da nake kawowa. Lokacin maimai ka ɗauki fartanya, kai ka faro daga gabas Yaya Lawan daga yamma, kuna matsowa har kuka haɗu a tsakiyar gero kuka ci gaba da hira ba ka gudu ba. Ka sauke rawanin daga bakinka. Na ga haɓarka bayan wata da watanni, ta yi fari-fari kamar ta jinjiri, na yi dariya kai ma ka yi.

Ranar babbar salla ka shigo gida da ƙafarka. Ka zauna a tabarma a tsakar gida, ƙamshin suya ya cika ko'ina. Ummi ta sha lalle, ta tsaya daga nesa inda aka saba tsayar da ita, hannayenta a baya. Ta ce, "Baba, ka warke?" Ka dube ni. Na ɗaga maka kai. Ka buɗe hannuwanka, ta taho a hankali kamar mai tsoron a fasa, ka ɗauke ta ka sa fuskarka a wuyanta. Inna ta juya baya tana share ido da gefen zane.

Ban yi nadamar ɗaga kan nan ba, kuma ba zan yi ba. In aka maido ranar zan sake ɗagawa. Wannan ita ce rana mafi daɗi da na gani a gidan aurena.

Bayan salla da 'yan kwanaki ruwa ya yi ta sauka, kwatami ya cika, sauro ya yi yawa. Ummi ta tashi da safe jikinta kamar garwashi. Ta yi amai, kafin in gama sauya mata riga ta fara jijjiga, idanunta suka juye. Inna ta ɗaga murya da salati. Na saɓe ta na yi waje ba mayafi, Yaya Lawan ya tayar da babur. Da za mu fita na hange ka a jikin katanga, can nesa, ka kama kanka da hannu biyu. Hannun Ummi yana lilo a kafaɗata. Na so in ce maka wani abu, amma babur ya riga ya tashi.

Abin da ba ka gani ba shi ne wannan. Muna isa aka ɗebi jininta, aka ce zazzaɓin sauro ne ya yi mata yawa. Ɗakin cike yake da yara irinta, wasu biyu a gado ɗaya, kuma babu wanda ubansa ya taɓa zuwa Dawanau. Aka yi mata allura aka sa mata ƙarin ruwa. Washegari da hantsi ta buɗe ido ta ce tana son koko. Da aka sallame mu, a hanya take ta tsara abin da za ta gaya maka, cewa an soke ta da allura ba ta yi kuka ba.

Muka iso gida ba ka nan.

Ka bar wayarka da ƙwayoyinka a kan katanga. Ba ka ɗauki ko riga ta biyu ba. Inna ta ce tun fitarmu ba ka ƙara magana ba, ta shiga ɗaki ta yi alwala, ta fito ba ta gan ka ba. Wani makiyayi ya ce ya gamu da kai a burtali kana nufar titi, ya yi maka sallama ka tsaya daga nesa, ka ce in ya shiga gari ya ce wa mutanen gidan Malam Haruna su yafe maka.

Me za mu yafe, Malam? Me ka yi mana?

Babu inda ba a nema ba. An yi cigiya a rediyo har muka haddace kalmominta. Yaya Lawan ya bi tashoshin mota, ya bi asibitoci, ya bi kasuwa rumfa-rumfa. Har inda ake ajiye gawarwakin da ba a san danginsu ba ya shiga, ya fito ya yi kwanaki ba ya iya cin nama. Duk wanda aka ce an gani a bakin titi yana magana shi kaɗai, sai mun je mun duba fuskarsa. Na ga 'ya'yan mutane da yawa a wannan yawo, kowanne na san akwai wadda ke jiransa a wani gida.

Na haihu da kaka, ana tsakar yankan gero. Namiji ne. Yayanka ya yi masa huɗuba, aka mayar da sunan Baba, muna kiransa Abba. Ranar suna mata sun cika gida, ni kuwa kunnena yana zaure, duk sallamar da aka yi sai gabana ya faɗi. Yanzu yana gudu ko'ina, yana haɗa magana. Goshinka ne da shi sak. Duk namijin da ya yi sallama sai ya ruga ya ɗaga masa hannu a ɗauke shi, ba ya ƙyuya ko kaɗan. Inna ta ce wannan halin ba a ƙasa ya tsince shi ba.

Da ranin da ya wuce wani ɗan garinmu mai leburanci ya zo ya ce ya ga mai kama da kai a wajen Ungogo, inda ake yanka gonaki ana gina gidaje. Ban jira gari ya gama wayewa ba. Muka hau mota ni da Yaya Lawan, muka ƙarasa a Adaidaita Sahu, muka yi ta ratsa kangwaye, ga tushiyar dawa nan a tsakanin harsashin gini. Muka samu wani dattijo mai gadi. Tun kafin mu gama kwatance ya ce ya san ka.

Ya ce ka yi sanyin bara gaba ɗaya a wani kango kusa da shi. Kana ɗebo wa masu buga bulo ruwa, in za a sallame ka sai ka ce a ajiye a ƙasa. Ba ka zagi kowa ba, ba ka taɓa kayan kowa ba, salla ba ta wuce ka, amma kai kaɗai kake yinta a bayan gini. In mutum ya matso sai ka ɗaga hannu ka ce ya yi haƙuri, kana da cuta. Ya ce abu ɗaya ne ya fi ba shi tausayi: duk lokacin da aka wuce da makara sai ka ƙwala masa kira ka tambaya, babba ne ko yaro? In ya ce yaro ne, ranar ba ka cin abinci.

Ya ce da wasu masu yara ƙanana suka tare a gidan da ke jikin kangon, washegari aka neme ka aka rasa.

Ya nuna mini lungun da kake kwana. Kwali ne a shimfiɗe, da wani gwangwani da ragowar toka a ciki. Na zauna a kan kwalin. Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai da Yaya Lawan ya ce, Saude, tashi, rana za ta faɗi. Da mun zo da wuri kaɗan. Wannan kalmar ita nake taunawa har yau.

Malam, annobar ta wuce. Wallahi ta wuce. Kasuwa a cike take, masallaci kafaɗa da kafaɗa, ana biki ana suna ana musabaha. Takunkumin da aka raba a lokacin, yara sun mayar da igiyarsa ta harbin tsuntsu. Waɗanda suka yi maka dariya da waɗanda suka guje mu duk sun manta, in an ambaci shekarar ma sai wani ya ce, af, lokacin kullen nan. Kowa ya fito, kai kaɗai aka bari a ciki, kuma babu wanda ya zo ya gaya maka an buɗe ƙofa.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma abin bai bar ni lafiya ba. In ɗaya daga cikin yaran ya yi tari, sai in rikice, in kasa ko ɗaura zane. Akwai lokacin da na yi makonni ban san ɗanɗanon abinci ba, ina zaune sai hawaye, Abba na kuka ina kallonsa kamar ɗan wata. Inna ce ta ce in koma wurin matar nan ta Bici. Na koma. Ta gane ni, ta tambaye ka, da na gaya mata ta riƙe hannuna. Ni ma yanzu ina shan magani, kuma ina zuwa muna magana. Ba na jin kunyar faɗa. Na ɗanɗani kaɗan daga abin da ka sha, na kuma san wanda yake cikinsa ba ya jin kira da sauƙi. Shi ya sa ba na fushi da kai. Na yi a farko, na daina.

Rayuwa ta yi tsanani. Taki ya fi ƙarfinmu, bana da na awaki muka lallaɓa. Yayanka yana noma gonarsa yana noma taka, ga nasa iyalin, bai taɓa yi mana gori ba, amma ina ganin yadda ya rame. Idon Inna ya kusa tafiya. Kullum bayan la'asar sai ta sa a kai mata tabarma bakin zaure, ta ce iska take sha. Duk wanda ya wuce sai ta ce ya yi magana ta ji muryarsa.

Na roƙi duk wanda ya karanta wannan, in ya ga mutum dogo, baƙi, mai tabo a gira ta hagu, wanda in an miƙa masa hannu yake ja da baya yana ba da haƙuri, to kai ne, kada ya kore ka, kada ya bari yara su jefe ka, kada kuma ya kama ka da ƙarfi. Ya tsaya inda ka ce ya tsaya, ya gaya maka 'yarka tana raye, kana da ɗa namiji, mahaifiyarka tana bakin zaure. Wannan kaɗai na roƙa.

Kai kuma, in maganar ta iso ka, ban ce sai ka shigo gida ba. Ban ce sai ka taɓa kowa ba. Ka zo ko bakin gari ne, ka tsaya iya nisan da zuciyarka za ta ɗauka, ka aiko a gaya mini. Zan fito da su ka gan su da idonka suna tafiya da ƙafafunsu. Sauran mu bar wa Allah da magani, a hankali, kamar wancan karon. Mun taɓa cin nasara, Malam. Saura ƙiris ne.

Akwai maganar da na bari sai ƙarshe don nauyinta. Mahaifina ya zo. Ya zauna da Yaya Lawan da liman, ya ce ya yi kawaici iya kawaici, ba zai zuba ido 'yarsa ta ƙare a zaman da ba aure ba, ba takaba ba. Ya ce zai kai magana gaban alƙali a raba, in koma gida. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ka san shi, tausayina yake ji. Yayanka ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da bakin hanawa. Aka kira ni aka tambaye ni. Na durƙusa na ce ina roƙon arziki ɗaya: a bar ni in gama tsinkar gyaɗar gonarka tukuna, don kada wahalar shekara ta lalace a ƙasa. Mahaifina ya dube ni ya daɗe, ya ce to, in kin gama ki aiko.

An cire gyaɗar, tana nan a tare a gindin tsamiya. Kowa a garin nan ya gama tsinkar tasa, har an kai harawa kan rufi. Saura ni. Matan Yaya Lawan sun ce za su taya ni mu gama a yini ɗaya, na ce su bari, na gode. Kullum da safe nakan je in zauna, in fuskanci burtali, in tsinka kaɗan in tashi. A hankali nake yi, Malam, iya yadda zan iya. Amma tarin yana raguwa, kuma gara ta fara shiga ta ƙasa.

Ya Allah, Kai ne Ka san inda bawanKa yake kwana. Ka ciyar da shi, Ka lulluɓe shi, Ka tsare shi daga mota da ruwa da mugun hannu. Ka cire masa wannan nauyi da ya ɗora wa kansa, Ka sanar da zuciyarsa cewa rai da mutuwa a hannunKa suke, ba a numfashinsa ba. Ka ji ƙan Baba da Alhaji Modu da duk waɗanda suka tafi a wannan shekara. Ka ba da lafiya ga duk wanda tsoro ya raba da iyalinsa, na sarari da na cikin gida. Ka juyo mana da ƙafarsa tun Inna tana iya gane murya. In kuwa Ka riga Ka karɓe shi, Ka sa ya tarar babu kowa a wuyansa, Ka kuma aiko mana da labari, mu san irin addu'ar da za mu yi masa. Amin.

Wassalam.

Ni ce matarka har zuwa yau,
Saude.